Jan Layin da Ya Zagaye Gandunmu

Gonar da mahaifinmu ya bari tana arewa da gari, gefen burtalin da ya nufi Tsanyawa. Da ya rasu ba mu raba ta ba. Mu uku ya bari: yayana, da ni, da ƙanwarmu da ke aure a Bagwai. Muka ci gaba da nomanta tare kamar yadda muka taso muka gani, gandu ɗaya, rumbu ɗaya, Yaya ne mai buɗe shi. In kaka ta yi, mu ware wa ƙanwarmu nata mu ɗora a mota. A wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gona tana jingine da gona, abin da ya raba taka da ta maƙwabcinka layin gamba ne kawai. Duk gidan da aka raba gandu, kowa da ɗan tsiri yake tashi, wanda ba ya kai iyali ko tsakiyar rani. Mun ga haka a gidaje da yawa, shi ya sa ko da wasa ba ma kawo maganar rabo.

Wuta-wuta ce ta jawo mana masu bincike. Ciyawar nan mai kama saiwar shuka ta tsotse ta, ta hana wakenmu sakat shekara da shekaru. Wata rana malamin gona na yankinmu, wani dattijo mai tsohon babur, ya zo ya ce akwai mutane a Kano da ke gwada wake iri-iri don su ga wanne ke jure mata, suna neman aron kusurwa ɗaya ta gona. Yaya ya yarda, amma ya juyo ya ce mini, "Kai ka ji da su. Ni ba ni da haƙurin mutumin da zai yi ta maimaita mini tambaya ɗaya." Ban da noma Yaya yana sana'ar awaki, ranar kasuwa ba a samunsa a gida. Haka aikin ya zama nawa.

Malamin nan da igiya yake aiki. Ya auna kusurwar, ya kafa turaku, kowane turke da lambarsa. Yana da wani katako mai matsi a ka, takardu a kansa, da fensir ɗaure da zare. Ya durƙusa ya ƙirga, ya miƙe ya rubuta. In na ba shi doguwar amsa, rubutun ya yi tsawo, har ya karkata takardar ya ci gaba a gefe. Ranar da ya fara ɗibar ƙasar gonar yana ƙullawa a 'yan ledoji, Yaya yana tsaye.

"Malam, ƙasar kuma ina za ta?"

"Ɗakin gwaje-gwaje. Za a duba abin da ta rasa."

"A garinmu dai wanda ya ɗebi ƙasar gonar wani, mun san wurin wa yake kai ta."

Malamin ya yi dariya har ya zauna a kan kunya. Ya ce, "To nawa bokan farar riga yake sawa, kuma ƙarfe takwas yake zuwa aiki."

Ba dariyar ce ta kwantar wa Yaya da hankali ba, kwafi ne. Malamin yana sa wata takarda mai shuni a tsakani, duk abin da ya rubuta a sama ya fito a ta ƙasa, sai ya yage ta ƙasan ya ba mu. Yaya ba ya karatun boko, ni ma a lokacin ba na yi. Sai ya ninke ta ya kai wa mai kemis a Tsanyawa ya karanta masa, sannan ranar kasuwar Ɗambatta ya ba wani daban wanda bai san mai kemis ba. In bakinsu ya zo ɗaya, ya jefa ta a akwatin ƙarfe. Kullum kuwa ɗaya yake zuwa: tsayin shuka, lokacin fure, yawan wuta-wuta.

Ni abin ya tsaya mini a rai, a ce sai mai sayar da maganin ciwon kai ya faɗa mana abin da ke gonarmu. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren garinmu, na shiga. Bayan la'asar muke yi, kuma da rani kawai, ruwa na sauka kowa ya watse. Bencin yara ne, gwiwata tana dukan tebur. Ban yi saurin ɗauka ba. Abin da na tara a rani ɗaya, damina ta zo ta wanke rabinsa, in dawo in sake. Da yawa daga cikin waɗanda muka fara tare sun bari. Yaya in ya gan ni da littafi sai ya ce, "A gaishe da ɗan firamare mai furfura. Uwargida ta ba ka kuɗin tara kuwa?" In yi dariya in wuce. Ni dai abin da nake hange shi ne ranar da malamin gona zai miƙo kwafi in karɓa in karanta a gabansa.

Shekarar da na kai ina karanta rubutun hannu ba tare da na bi da yatsa ba, a shekarar malamin ya yi ritaya.

A madadinsa wata matashiya ta zo a farar mota, da hijabi da takalmin roba irin na shiga ruwa. Tana da ladabi. Baba take ce mini, ni kuma in ce mata Malama. Ba katako a hannunta, ba fensir. Wata waya ce mai faɗi kamar ƙaramin allo rataye a wuyanta. Turakun ma an canja su, kowanne da ɗan farin roba a jiki, an yi masa baƙaƙen layuka kamar haƙoran mataji. Ta kara wayar a kai, wayar ta yi 'yar ƙara, ta wuce na gaba. Na sunkuya na duba robar da kyau ko zan ga harafi ɗaya da na sani. Babu.

Na ce, "Malama, ina takarda?"

Ta ce an daina, kuma ta tsaya ta yi mini bayani. Ta ce ruwa yakan jiƙa takardu a bayan babur rubutu ya narke. Ta ce gara ta taɓa shiga sitonsu ta cinye aikin damina guda. Kuma kafin a zauna a kwashe rubutun hannu a shigar a kwamfuta, wata daminar ta zo, manomi bai ji wane iri ne ya fi ba. Yanzu abin da ta taɓa a nan, kafin ta isa Kano yana gaban masu ɗakin gwaje-gwaje. Ban ga ƙarya a maganarta ba, ni ma na san aikin gara. Amma hankalina bai kwanta ba. In ta yi tambaya na yi mata dogon bayani, taɓawa ɗaya take yi da yatsa. In na ce e kawai, shi ma taɓawa ɗaya. Ina sauran maganar tawa take shiga? In ta gama kuma ta yi sallama ta hau mota, in tsaya hannuna ba komai.

Ranar farko Yaya ya miƙo hannu ya ce in ba shi kwafi. Na ce babu. Ya dube ni ya ce, "Ikon Allah. Sai da ka iya karatu takardar ta ɓace?" Da wasa ya faɗa, amma bai yi dariya ba.

Lokacin noman farko ne abin ya faru, ranar kasuwar Ɗambatta, Yaya ya tafi da awaki tun da safe. Malama ta zo ta ce bana ofis yana son girman gonar duka, ba kusurwar gwaji kaɗai ba, don a kwatanta takin da muke zubawa da abin da muke girbewa. Na ce ina igiyar? Ta ce ba sai da igiya ba, wayar za ta riƙe ta zagaya gonar, ita za ta auna da kanta. Sai dai ba ta san iyaka ba, in shige gaba ta bi ni. Na ce a bari Yaya ya dawo. Ta ce motar tana da wasu ƙauyukan, ba za su sake biyowa ba sai wake ya yi fure, kuma in ba a cike wannan gurbin ba wayar ba za ta buɗe mata tambayoyin waken ba. Ta nuna mini, ta taɓa, ya ƙi wucewa. Na ga awo ne kawai, na shige gaba. Har yau ban ga inda na yi laifi ba.

Amma a garinmu mutum ba ya zagaye iyakar gonarsa kaf, baƙo yana biye da shi, sai da ɗayan dalili biyu: ko za a sayar, ko za a raba gado. Ita ba ta san wannan ba. Ni na sani, sai dai ban taɓa haɗa shi da aikin wake ba sai da muka kai rabin hanya na ga mutane suna miƙewa daga kan fartanya. Kowa yana gona ranar. Maƙwabcinmu na gabas ya dafa ƙugu ya ɗaga murya ya ce, "Lafiya dai? Ko an yi ciniki ne ba a kira mu shaida ba?"

Na ce, "Awon wake ne!"

Ya ce, "Waken bana ya yi tafiya, har ya kai gindin gawo."

Da muka dawo inda muka faro, ta ce saura suna da lambar waya da hoto. Na leƙa allon, a ƙarƙashin Turancin an rubuta da Hausa, na kuwa karanta da kaina: mai gona. Na ce mata mu uku ne. Ta ce gurbin suna ɗaya yake karɓa, wanda suke samu in sun zo suke sawa. Na ce ta rubuta a gefe cewa gandu ne. Ta juya wayar tana nema, sannan ta ce, "Baba, ba ta da gefe." Ta ɗaga ta, ta ɗauki hotona da hular gona a kaina.

Kafin Yaya ya sauka daga mota labari ya riga ya same shi. Bayan magariba aka kawo tuwo zaure, ya wanke hannu amma bai sa a kwano ba.

"An ce yau ka yi yawo."

Na faɗa masa komai, ban rage ba.

"Sunan wa aka sa?"

"Nawa. Gurbi ɗaya ne."

"Hoton wa?"

"Nawa."

"To miƙo abin da aka rubuta, gobe in kai a karanta mini."

"Yaya, ka san babu."

Ya ce, "Ni jahili ne, amma na san in an zagaya gona, an rubuta suna, an ɗauki hoto, to takardar fili ake yi. Ban ce kai ka shirya ba. Amma su da suka zo ranar da ba na nan, sun san kasuwar Ɗambatta yaushe take ci." Ya tura mini kwanon ya tashi.

Daminar nan ba mu yi faɗa ba. Tare muka yi maimai, wato noma na biyu, kafaɗa da kafaɗa, sai dai hirar da muke yi a kan kunya ta mutu. Ƙanwarmu ta zo daga Bagwai ba ranar biki ba, ba ranar suna ba, ta ce gaisuwa ta kawo. Ta daɗe a ɗakin Yaya, a nawa kuma ruwa kawai ta sha. Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina na fara shakka. Na rantse musu awon wake ne, to da me na sani? Da bakin yarinya ɗaya. Ita ɗin ma ta san duk hannun da abin zai shiga? Na tuna filayen bakin titin Kano da muke gani ta tagar mota, yau gero, baɗi katanga. Ban san yadda nasu ya faro ba, amma na san ba da katangar aka fara ba.

Da wake ya yi fure motar ta dawo. Yaya ya ƙi zuwa kasuwa, ya sa rigarsa ta Juma'a ya zo gona. Malama ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice ya ce ta nuna masa abin da ta ɗauka. Ba ta yi musu ba. Ta tare allon da gefen hijabinta saboda rana, ta buɗe. Sai ga gonarmu daga sama, kamar yadda shirwa ke ganinta. Ga gawon, ga lanƙwasar da ke gefen burtali, ga jan layi ya zagaye ta tsaf. A kusurwa kuma ga fuskata. Yaya bai buƙaci a karanta masa komai ba. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wa ya ɗauko ta daga sama?"

Ta ce tauraron ɗan'adam, kuma duk gonakin duniya haka suke a ciki, ba tamu kaɗai ba.

"Duk da jan layi?"

"A'a, Baba. Layin mu muka yi."

Na ga idonta ya canja da ta fahimci abin da ake zargi. Ta rantse ba ruwansu da mallakar fili, su wake ne gabansu. Ta ce in yana so ta cire sunana ta sa nasa. Yaya ya ce, "Wato a cire ɓarawo ƙarami a sa babba. Ki sa uku, ko ki cire duka." Ta ce uku ba zai shiga ba, amma za ta cire. Ta taɓa, ta sake taɓawa, layin da hoton suka ɓace.

Yaya ya ce, "Ina ya tafi?"

"Na goge shi."

"In malamin da ya yi kuskure, layi yake ja a kai, in ga kuskuren in ga layin. Wannan me zan gani?"

Da ta ce masa shi ke nan ya tafi, wataƙila da ya haƙura. Amma yarinyar ba maƙaryaciya ba ce. Ta ce a wayarta ya goge, sai dai tun ranar da aka auna ya riga ya shiga babbar ma'ajiyar ofis, kuma ba ita ke riƙe da ita ba. Za ta gaya wa mai kula da ita ya cire.

"Shi mai kula da itan ya san ni?"

"A'a."

"Ke kin taɓa ganin ma'ajiyar da idonki?"

Ta ce ba ɗaki ba ne da ake shiga.

Sai ta je mota ta karɓi biro a wurin direba, ta yago takarda daga wani littafi, ta ɗora a kan bonet ɗin motar ta rubuta da hannunta cewa gonar gandu ce ta mutum uku, awon da aka yi na binciken wake ne, ba ya ba kowa mallaka. Ta sa hannu ta miƙo mini. Rubutunta mai kyau ne, a tsaye. Na fara karantawa da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ban kai ƙarshe ba Yaya ya zare ta daga hannuna a hankali ya ce, "Ba kai za ka karanta mini wannan ba."

Ya kai ta Tsanyawa, ya kai ta Ɗambatta, bakin masu karatun ya zo ɗaya. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma ya kira ni ya ce, "Da, abin da ke hannuna shi ne abin da ke hannunsu. Yanzu wannan tana faɗin abu ɗaya, na can yana faɗin wani, kuma na can ɗin ne aikinsu. Ran da ni da kai muka kwanta dama, 'ya'yanka suka ɗauko hoton ubansu da jan layi, nawa suka ɗauko yagaggen littafin direba, wa alƙali zai saurara?" Na ce 'ya'yana ba za su yi haka ba. Ya ce, "Ni ma ban ce za su yi ba."

Da aka gama girbi ya kira kawunmu da liman da mai unguwa, ƙanwarmu ta zo da mijinta. Ya ce gara a raba muna da rai, a gaban shaidun da ke da ido da baki. Ba wanda ya ɗaga murya. Liman ya yi lissafin gado yadda shari'a ta ce, aka ja igiya, aka kafa duwatsu kafin a samu saiwar gamba. Kusurwar gwajin ta faɗo a nawa rabon. Gaskiya ɗaya daga cikin waken ya jure wa wuta-wuta, kuma sakamakon ya zo da wuri kamar yadda Malama ta ce, tun kafin rani ya yi nisa ta aiko mana da irin. Na raba shi uku na aika wa kowa nasa. Da ta dawo baɗi ta ce ta isar da saƙon kuma an ce mata an cire. Na ce na gode. Ta tambaya ko za a sake awo tunda gonar ta canja, na ce a'a.

Hatsin da ya rage a rumbun gandu shi ma aka raba shi, don haka dole na gina nawa rumbun a bayan ɗakina. Ni kaɗai na yi ginin, amma jinka ba ta ɗaguwa da mutum ɗaya. Ranar da za a ɗora ta ban aika wa Yaya ba, sai ga shi ya shigo ya naɗe hannun riga ya kama ɓangare ɗaya. Muka ɗaga tare da maƙwabta, ta zauna daidai. Da mutane suka watse ya tsaya yana gyara igiyar da ta saki, bai dube ni ba ya ce, "Tsakaninka da Allah, kai da ka yi karatu, sun cire?"

Na ce, "Yaya, ban sani ba."

Ya ƙulle igiyar, ya ja ta ya ji ta yi ƙarfi. Ya ce in sa ƙaya a gindin rumbun saboda awakinsa suna shigowa ta nan, ya fita.